Ba taurin kai ne ke hana mutane barin gida lokacin ambaliya ba

Mutane da yawa suna ɗauka cewa da zarar hukuma ta yi gargaɗin ambaliya mai hankali zai kwashe iyalinsa, wanda ya zauna kuwa taurin kai ne ya zaunar da shi. Wannan fahimta ba daidai ba ce.

Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, cikin dare ruwan ya shiga unguwannin Maiduguri irin su Gwange da Fori, ya kai har Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno. A irin wannan hali magidanci yana auna abubuwa masu nauyi kafin ya fita: inda zai sauke iyalinsa, kuɗin mota, tsohuwar da ba ta iya tafiya, da tsoron kada ɓarayi su fasa shagon da yake ci da shi. Galibi sai ya ga maƙwabta sun ɗora katifu a ka, ko ruwa ya haura dokin ƙofa, sannan yake yanke shawara.

Shi ya sa gargaɗin da bai zo da mota da matsuguni ba yakan tsaya a rediyo kawai.