Malam Doremi da Masana Bakwai

(Wata firamaren coci a gefen Jos, makon farko na Disamba. Hunturu ya tsattsaga leɓen kowa. Malamin waƙa, wanda yara suka laƙaba wa Malam Doremi, ya shigo ofis rungume da kibod.)

HEDIMASTA: Malam, gawar wa ka ɗauko mini da sassafen nan?

MALAM: Kibod ɗin makaranta ne, ranka ya daɗe. Bai cika ba tukuna, amma yana gargara. "Fa" ta rasu tun bara, jiya kuma "ti" ta bi ta.

HEDIMASTA: Su nawa ne a gidan nasu?

MALAM: Bakwai. Do, re, mi, fa, so, la, ti, sai a sake komawa do.

HEDIMASTA: Ashe biyar na nan da ransu! Ni da ka gan ni, albashin wata biyar na gani cikin bakwai, ka taɓa jin na daina fitar da sauti?

MALAM: Da waƙoƙin Zumuntar Mata ne, da yawansu za su wuce lafiya da biyar ɗin nan. Amma na Kirsimeti da mishan suka kawo daga Turai, duk inda ka bi sai sun taka "fa".

HEDIMASTA: In an zo wurin, yara su yi tari. Hunturu ake yi, ba wanda zai zarge su.

MALAM: To ko batir a saya mini. Ranar Juma'a muna tsakiyar amshi NEPA suka ɗauke wuta.

HEDIMASTA: Batir! Dawuda da garaya ɗaya ya kori mugun ruhu daga jikin Sarki Saul. A wace aya ka karanta ya nemi batir?

MALAM: A'a, amma na karanta inda maigidan nasa ya jefe shi da mashi yana cikin kiɗan.

HEDIMASTA: Kai kuwa ka gode Allah, alli kawai gare ni. Yauwa, malamar aji huɗu ta tafi awo. Ka riƙe mata lissafi, tunda ba ka da aiki.

MALAM: Ni ne ba ni da aiki? Tun da aka cusa waƙa da zane da wasan kwaikwayo cikin darasi ɗaya, ni ne mai fenti, ni ne mai ɗinka fukafukan mala'iku. A Mayun 2024 gwamnati ta tashi dare ɗaya ta dawo da taken ƙasa na 1960, wa ya tsaya a rana yana koya wa yara? Har yau a asambali da na 1960 suke farawa, su sauka a na 1978.

HEDIMASTA: Ai kishin ƙasar ne ya yi musu yawa.

(Maman Zumunta ta faɗo ofis ba sallama, tana jan wani yaro mai majina.)

MAMA: Salama dai! Ina malamin? Au, ga ka. Malam, me na yi maka a duniyar nan?

MALAM: Sannu da zuwa, Mama. Lafiya?

MAMA: Ina lafiya, jikana ya dawo gida yana cewa "meee"? Na ce me ya same ka, ya ce shi ne tunkiya a wasan Kirsimeti. Ni da nake buga tulu a Zumunta tun ba a haife ka ba, a ce jinina ne tunkiya!

MALAM: Mama, muryarsa muka duba. Na ba shi "do", ya ba ni "meee". Na ba shi "so", ya ba ni "meee". Baiwa ce, ban so ta lalace ba.

MAMA: Gadon gidan ubansa ne, mu a ɗakinmu ba mai irin wannan murya. A mai da shi Yusufu.

MALAM: Ɗan Fasto ne Yusufu.

MAMA: Mala'ika fa?

MALAM: 'Yar ma'ajin coci. Ita ta kawo labulen da muka yanka.

HEDIMASTA: (cikin raɗa) Malam, matar nan ce ke dafa shinkafar ranar. Sa shi cikin masana uku na gabas.

MALAM: Su shida ne yanzu, ranka ya daɗe. Duk wanda ya biya kuɗin makaranta da wuri, kai da kanka kake turo mini ɗansa.

(Baba Dattijo, da ya daɗe tsaye a bakin ƙofa yana dogara sanda, ya yi gyaran murya.)

DATTIJO: Masana shida? Wace sabuwar koyarwa ce wannan? Tun muna Sande Sukul uku muka sani.

MALAM: Baba, a duba Matiyu sura 2. Kyautai ne uku, zinariya da lubban da mur. Mutanen kuwa bai ƙirga su ba.

DATTIJO: (ya laluba aljihu) Na bar tabarau a gida. Amma ko da hakan ne, su ukun da suka rage me za su riƙo?

MAMA: Nawa zai riƙo kular shinkafa. Mai jego za a je gani, wa zai ci lubban?

HEDIMASTA: Shi ke nan, masana bakwai. Rubuta.

DATTIJO: Ni abin da ya kawo ni daban ne. An ce za ka shigo da ganga cikin majami'a ranar. A zamaninmu, mishan ko tafi ba su yarda a yi ba.

MALAM: Baba, Zabura ta 150 ba abin da ta bari, har da ƙaho da kuge. Ga shi kuma kibod ba lafiya.

DATTIJO: To a buga, amma a hankali, yadda ba za ta shiga ƙafa ba. Bara ina kallo, wani dattijo har ya fara girgiza kafaɗa.

MAMA: Ai kai ne, Baba.

DATTIJO: Sanyi ne!

(Baba Maigadi ya leƙo ta taga, da guntuwar takarda a hannu.)

MAIGADI: Malam, akuyar da ka ce in aro don ɗakin dabbobi ta iso. Na ɗaure ta a ajinka.

MALAM: A ajina? Kusa da tebur?

MAIGADI: A ƙafar teburin ma. Ta ɗan taɓa takardun nan masu "d, r, m". Ga abin da na ƙwato.

MALAM: Wayyo! Muryoyi huɗu na kwana ina rubutawa da fitilar waya! Wannan ai layin besi ne kaɗai ya rage, yaran kuwa ba wanda muryarsa ta fashe.

HEDIMASTA: Kada ka damu, za a cire kuɗin takardar daga albashinka, magana ta mutu. Sai me kuma? Ina da taron iyaye.

MALAM: Saura mutum ɗaya, mugun sarkin nan da ya sa aka kashe jarirai. Hirudus. Duk yaron da na ba, washegari uwarsa na bakin ƙofa.

HEDIMASTA: Me ake nema ga Hirudus ɗin?

MALAM: Ba ya waƙa ko ɗaya. Zama kawai zai yi a kan kujera, ya haɗe rai, ya yi ta aika mutane aikin da bai ba su guzuri ba, yara kuma su ji sunansa su watse.

(Shiru. Mama ta dubi Dattijo, Dattijo ya dubi Maigadi, duk suka juyo wajen tebur.)

HEDIMASTA: Me kuke kallo?

MAIGADI: Ranka ya daɗe, ko gwaji ba sai ka zo ba.

HEDIMASTA: Rashin kunya! Ni za ku mayar... (ya ɗan yi jim) Mama, shi Hirudus ɗin, ana zuba masa shinkafa?

MAMA: Sarki ne fa. Har da cinyar kaza.

HEDIMASTA: Malam, kawo tef ka auna kaina. Kuɗin kwalin kambin kuma daga aljihunka.