Wayar ce ta tsinke, amma sakaci ne ya karya yaron nan

Don Allah a daina ce mini ƙaddara ce. Tun jiya da hotunan motar nan da ta kafe cikin kori a hanyar Tanut suke yawo, kowa sai ya rubuta "Allah ya kiyaye gaba" ya wuce. Amin, kuma yaron motar da waya ta tsinke ta ji masa rauni ana ƙoƙarin fito da motar, Allah ya ba shi lafiya. Amma ku koma ku kalli wayar injin ja da ke kwance a ƙasa, wato injin da ke naɗe waya yana jawo mota idan ta kafe. Ta yi jawur da tsatsa, silin ƙarfe sun miƙe tsitsit a jikinta, wani wurin ma ta lanƙwashe ta baje. Wayar da ta kai haka ba a ɗaura mata Land Cruiser shaƙe da kaya. Direba ya sani, mai mota ya sani, makaniken da ya ga motar a gareji ya sani. Wanda bai sani ba shi ne yaron da aka ce ya tsaya kusa yana gyara zamanta a kan gangar da injin ke naɗe ta, hannu ba ko safa. Wannan sakaci ne, kuma da sunansa zan kira shi.

Wayar ƙarfe idan tana ja, ƙarfi take tarawa a jikinta, ga ta da nauyi. Ranar da ta tsinke ba ta faɗuwa ƙasa, dawowa take kamar bulala da ƙugiya a bakinta, abin da ta samu shi ke nan, ko gilashi, ko ƙafa, ko wuya. Shi ya sa na daɗe ina roƙon masu motocin daji na Damagaram, masu bin Gure da Tasker da Agadas, su cire ta su sa igiyar zaren roba, irin su Dyneema da kamfanin DSM na ƙasar Holan ya fito da ita. Kauri ɗaya, ƙarfinta bai gaza na waya ba, amma nauyinta bai wuce kashi 1 cikin 7 ba, har bisa ruwa take yawo. Idan ta tsinke, yawanci zubewa take. Ba ta da silin da ke huda tafin hannu, kuma wanda ya iya saƙa yana haɗa ta a daji a ci gaba da aiki.

Na san amsar, na sha jin ta. "Ai tana da tsada, Malam." Alhaji, motar nawa ka saye ta? Ka sa mata sababbin tayu, ka sa fitilu a rufi, ka baƙanta gilashi, sai a kan igiya ne aljihu ya bushe? Je ka asibiti ka tambayi uwar yaron nan mene ne tsada. "Rairayinmu zai cinye ta." Gaskiya ne ƙasa na shiga tsakanin zaren tana cin sa daga ciki, maganin kuwa bokiti ɗaya na ruwa ne: a kwance ta, a wanke, a shanya a inuwa, a naɗe. "Rana za ta kashe ta." Rufe ta, ko da guntun tampol ne. "Tun da can da waya muke zuwa har Bilma." Kun je kun dawo, alhamdu lillahi, waɗanda ta yanke wa yatsu fa, wa ya ƙirga su? Duk uzurin nan abu guda yake cewa: gyara wahala ne, ɗan talaka kuwa yana da araha.

Kada kuma wani ya ruga ya naɗa igiyar a kan tsohon inji ya ce ya gama. Injin da ya yi shekaru yana shan ƙurar hunturu sai an sauke shi an buɗe. Giris ɗin cikin giyarsa za ka tarar ya daskare ya zama laka, a wanke tas a sa sabo. A duba gawayin motar lantarkin da ke juya injin, a kankare bakin wayoyin wuta a ɗaure su tamau, don injin nan idan ya ɗauki nauyi yana iya zuƙar amfiya 400 daga batir, shi ya sa ba a kashe mota ana ja. Sai ganga. Waya takan bar mata kaifi da tsatsa, a goge ta har ka shafa da yatsa ka ji sumul, in ba haka ba ita za ta fara yanka sabuwar igiyar. Bakin nan da igiya ke bi ta ciki, mai nadi huɗu da waya ta ƙarje shi, a cire a sa na alminiyom mai santsi. Sannan zafi: zaren nan na narkewa a wajen digiri 150, kuma injuna da yawa birkinsu a cikin ganga yake, saboda haka ba a daɗe ana sakin igiya da wuta alhali nauyi na rataye. A bar naɗi kamar 10 a kan ganga koyaushe. A kuma sani ƙarfin da aka rubuta a jikin inji na naɗin farko ne kawai, yana raguwa yayin da igiya ke taruwa. Aikin yini guda ne wannan a hannun makanike mai tsoron Allah.

Kuma ko igiya ce, ba a tsayawa kusa, ba a tsallake ta tana ja. A jefa mata bargo ko darduma a tsakiya, a kori ƴan kallo nesa. Iyayen gidana direbobi, yaran nan amana ce iyayensu suka damƙa muku don su koyi sana'a. Ku saya musu safar hannu ta fata, ku koya musu inda ake tsayawa.

Wani abu da ya ƙara ɓata mini rai a hotunan, a jikin gawo suka ɗaura wayar, ta yanke ɓawon zagaye. Itacen da aka yi wa haka bushewa yake. Manoman Mirriya da Magarya da Matamai shekaru suka kwashe suna renon gawo a gonakinsu har ƙasar ta sake yin kore, sai baƙo ya zo ya kashe guda cikin minti goma don ba shi da maɗauri mai faɗi. In babu maɗaurin, ɗauki shebur ka haƙa rami ka binne tayar ajiya ka ja da ita, kamar yadda direbobin Tenere ke yi inda babu ko kara. Mai gonar nan ma yana da haƙƙi, kuma ban ji wanda ya je ya ba shi haƙuri ba.