Windows ko Linux? A tambayi masu gyaran kwamfuta daga nan zuwa duniyar Mars

Duk wanda ke zama da matasa masu harkar kwamfuta ya san wannan musun na wace uwar manhaja ce ta fi, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ba ya ƙarewa, yau a yi gobe a ɗora daga inda aka tsaya. Wannan ya ce Windows ce sarauniya tunda ita ce a banki da ofis da shagon buga takardu, wancan ya ce ai Windows ta 'yan koyo ce, wanda ya san abin da yake yi Linux yake sakawa, sai na uku ya buɗe MacBook ɗinsa ya ce ku dai ku yi ta fama da bairos. Kwanakin baya na zauna a irin wannan majalisa bayan la'asar, sai wani ƙanena da ya fi kowa zafi a ɓangaren Linux ya jefo hujjar da yake ganin ta kashe bakin kowa. Ya ce yaya, ai magana ta ƙare, Linux ce ta tashi jirgi a duniyar Mars.

Gaskiya ya faɗa, sai dai rabinta ya faɗa, kuma rabin da ya bari shi ya fi damuna.

Jirgin da yake nufi shi ne Ingenuity, ɗan ƙaramin jirgi mai saukar ungulu da nauyinsa bai kai kilo biyu ba, wanda hukumar NASA ta Amurka ta tayar a Mars ranar 19 ga Afrilun 2021. Eh Linux ce a cikinsa, kuma farosesan da ke tafiyar da shi, wato ƙwaƙwalwar da ke masa lissafi, Snapdragon 801 ne, irin wanda ke cikin wayar Galaxy S5 ta 2014, wato wayar da yau in ka kai ta Farm Centre a Kano sai dai a saya don a ciri kayan gyara. An tsara zai tashi sau biyar, sai da ya tashi sau 72 kafin fiffikensa ya lalace a Janairun 2024. Wannan abin alfahari ne ga duk mai son manhajar da kowa ke iya buɗewa ya duba, ni ma na ji daɗinsa wallahi.

To amma wa ya goyo jirgin har can? Motar bincike ce mai suna Perseverance, wadda ta sauka a Faburairun 2021 da jirgin manne a cikinta, kuma duk saƙon da jirgin zai aiko ko zai karɓa sai ya bi ta wajenta. Ita wannan motar babbar kwamfutarta ba Linux gare ta ba, ba kuma Windows ba, wata manhaja ce ta kuɗi da ake kira VxWorks ta kamfanin Wind River, wadda yawancin masu musun nan ko sunanta ba su taɓa ji ba. Farosesanta kuma RAD750 ne, gudunsa kusan megahaz 200, ɗan dangin wanda Apple ya saka a iMac tun 1998. Mota ta kusan dala biliyan 2.7 amma ƙwaƙwalwarta ta tsufa haka? Eh, saboda a sararin samaniya akwai haskoki masu ƙarfi da ke ratsa ƙarfe su juya lissafin kwamfuta, sifili ya koma ɗaya, shi kuma wannan tsohon an gina shi ne ya jure, an gwada shi a kumbo bayan kumbo an san halinsa ciki da bai. Da tsohuwar zuma ake magani.

Shi kuwa jirgin matsalarsa daban ce. Iskar Mars ba ta da kauri, kusan kashi ɗaya cikin ɗari na tamu, dole fiffike ya yi ta juyawa sama da sau dubu biyu a minti, ga kyamara tana kallon ƙasa tana lissafin inda ake, ga shi babu matuƙi tunda saƙo daga nan zuwa can yana ɗaukar mintuna, wani lokacin sama da 20, to tsohon farosesa ba zai iya wannan gudun ba sam. Kuma jirgin gwaji ne, in ya faɗi an yi asara amma babban aikin bai tsaya ba, shi ya sa aka yarda a yi kasada da kayan waya. Injiniyoyi ɗaya, gida ɗaya wato JPL, cibiyar binciken NASA da ke Kalifoniya, tafiya ɗaya, manhaja biyu. Tambayar da suka yi ita ce wane aiki za a yi, kuma in abu ya lalace me zai biyo baya, babu wanda ya tsaya neman sarauniya.

Wannan tambayar ta biyun ita nake so mu riƙa yi, saboda abu kam sai ya lalace. A Yulin 1997 kumbon Mars Pathfinder ya sauka lafiya, duniya na ta murna, kwana kaɗan sai kwamfutarsa ta fara kashe kanta tana sake kunnawa, aikin da ake ciki ya tsaya sai a jira. VxWorks ɗin nan ce a ciki fa. Abin da ya faru kamar gidan da ke da makullin sito guda ɗaya ne, ƙaramin yaro ya ɗauka zai ɗebo abu, kafin ya dawo da shi sai maigida ya buƙaci makullin da gaggawa, ya tsaya jira, shi kuma yaron wani yayansa ya tare hanya da nasa dogon aikin ya hana shi wucewa tunda ya girme shi. Maigida na jiran yaro, yaro na jiran yaya, shi yayan bai ma san ana jiran kowa ba. A cikin kwamfutar yaron shi ne aikin tattara bayanan yanayi, kuma akwai wani mai gadi da aka saka wanda in ya ga babban aiki ya daɗe bai motsa ba sai ya ɗauka komai ya cije ya kashe ya kunna. Injiniyoyin suna da irin kumbon a ɗakin gwaji, suka yi ta kunna shi har matsalar ta fito a gabansu, suka gano ta, suka aika gyara daga nan duniya cewa duk yaron da ke riƙe da makullin da maigida ke jira a ara masa girman maigida har ya dawo da shi. Shi ke nan, kumbo ya ci gaba da aiki. Abin da ya cece su shi ne suna iya leƙa cikin manhajar, kuma sun bar ƙofar gyara a buɗe da gangan kafin a harba.

Wanda ya fi taɓa ni ma shi ne na Voyager 1. An harba shi a 1977, lokacin Linus Torvalds, wanda ya fara rubuta Linux a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, yana yaro ɗan shekara bakwai, Windows kuwa sai 1985 ta fito. A Nuwamban 2023 kumbon ya fara aiko da shirme, lambobi marasa ma'ana, yana nesa da mu da sama da kilomita biliyan 24, inda in ka aika umarni sai ya yi awa 22 da rabi kafin ya isa, amsa ma haka, wato ka danna yau ka ji sakamako jibi. Wata biyar ana bincike, ana tono tsofaffin takardun mutanen da wasunsu sun yi ritaya wasu sun rasu, har aka gano wani ɗan guntun ma'ajiya guda ɗaya ne ya mutu. Ba mai zuwa ya canza shi, kuma babu wani fili guda da zai ɗauki abin da ke cikinsa, sai suka yayyanka rubutun manhajar suka rarraba shi lungu-lungu a sauran ma'ajiyar suka gyara yadda guntayen ke kiran juna, a Afrilun 2024 Voyager ya dawo yana magana daidai. Ni a wajena wannan shi ne sanin kwamfuta, kuma babu tambarin kowane kamfani a cikin labarin.

In ka duba asarorin da aka tafka ma haka ne. Rokar Turai Ariane 5 ta tarwatse a Yunin 1996 ƙasa da minti ɗaya da tashi saboda an kwaso rubutun tsohuwar roka Ariane 4 an saka ba a gwada shi da gudun sabuwar ba, wata lamba ta fi ƙarfin gurbin da aka tanadar mata. A 1999 kumbon Mars Climate Orbiter ya ɓace saboda wani ɓangare yana lissafi da ma'aunin fam ɗaya ɓangaren yana karantawa da na mita. Sakacin mutane ne da rashin gwaji, ko wace uwar manhaja ka shimfiɗa a ƙasa haka za a yi.

Kowane gauta ja ne dai. 'Yan Linux sun yi ta shewa ranar 19 ga Yulin 2024 da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5 suka tsaya cak, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda da biro, alhali sabuntawar kamfanin tsaro na CrowdStrike ce ta jawo, duk da dai akwai abin tambaya kan yadda kuskure ɗaya ke iya kayar da na'urori masu yawa haka. Amma wata huɗu kafin nan, a Maris, an gano wani ya shafe shekaru yana neman yardar masu kula da wata ƙaramar manhaja mai suna xz da kusan kowace Linux ke amfani da ita, ya dasa ƙofar baya a ciki, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse cikin kwamfutocin mutane, saura ƙiris ta bazu duniya. Wanda ya gano ta Andres Freund ne, ma'aikacin Microsoft, kuma ya iya ganowa ne saboda rubutun a buɗe yake, ya ga wani ɗan jinkiri na kusan rabin daƙiƙa ya bi sawu.

A nan ne na tsaya tare da ƙanena, duk da na ce hujjarsa rabi ce. Ga mu da muke sayen komai daga waje, buɗaɗɗiyar manhaja tana da wata daraja da ta wuce kasancewarta kyauta. Tsarin da aka gina manhajar tuƙin Ingenuity a kai, F Prime, yana nan a GitHub, shafin intanet da ake ajiye rubutun manhajoji, ɗalibi a Zariya ko Damagaram da ke da data zai iya sauke shi yau da daddare ya karanta layi-layi. Rokokin Falcon 9 na SpaceX da Linux suke tashi, taurarin Starlink da wasunmu ke samun intanet ta wajensu tun 2023 haka, manyan kwamfutoci 500 da suka fi kowa gudu a duniya tun 2017 duk ita ce, kai wayar Android da ake wannan musun da ita ma a kan Linux take zaune. Yaron da makaranta ta koya wa danna Word da Excel kawai an koya masa tuƙi ne an kulle masa bonet.

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Mai shagon buga katin biki CorelDraw yake ci da ita, akawu Excel ya sani, firinta da yawa sai an sha wahala kafin su yi aiki da Linux, kuma mai neman abincin yau ba shi da lokacin gwaje-gwaje. Birnin Munich na Jamus ma ya kwashe shekaru a kan Linux sannan a 2017 majalisarsa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Ban ce a tilasta wa kowa ba, wanda sana'arsa ke kan Windows ya riƙe abarsa, ya dai sayi ta gaske ya daina saka wadda aka fasa da ba a san me aka cusa a ciki ba. Maganata a kan makarantu ce. Tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10, kuma tarin laftof na hannu da ke cike da kasuwanninmu da ɗakunan kwamfuta na makarantu ba za su ɗauki Windows 11 ba, to maimakon a jibge su a sito ko a bar yara suna aiki da manhajar da ba a toshe ramukanta, me zai hana a saka musu Linux, a bar ɗalibai su lalata su gyara su sake lalatawa?

Wani dattijo a majalisar ya yi tambayar da ta fi ta kowa nauyi, ya ce ku yara, mutane na kwana da yunwa ana kai biliyoyi Mars, me aka samu? Na ce Baba, yunwar gaskiya ce kuma ba zan ce kumbo ya fi abinci ba, amma hasashen damina da manomi ke ji a rediyo da tauraron ɗan adam ake yinsa, kuma idon kyamarar da ke cikin wayarka a JPL ɗin nan Eric Fossum da abokan aikinsa suka ƙirƙiro irinsa a farkon shekarun 1990 suna neman ƙaramar kyamarar da kumbo zai iya ɗauka. Mu ma mun ɗan taɓa, Najeriya ta harba NigeriaSat-1 a 2003, ta sayi NigComSat-1 daga Chana aka harba shi a 2007, wanda ya daina aiki a Nuwamban 2008 saboda matsalar lantarki sai da aka maye shi a 2011. A cikin su duka wanda na fi ji da shi NigeriaSat-X ne na 2011, ƙarami ne ba a cika ambatonsa ba, amma injiniyoyinmu ne suka haɗa shi da hannunsu lokacin da suke samun horo a kamfanin Surrey na Ingila, sun san abin da ke ciki.

Da za mu tashi ƙanena ya ce to yaya kai wacce kake amfani da ita, na ce duka biyun, ta aiki daban ta koyo daban. Akwai wata tsohuwar laftof a gida da ta shekara a ajiye, na ba shi na ce ya saka mata Linux ɗin da yake yabo, ya sauke F Prime, ya zo ya nuna min layin da ke karɓar umarni daga ƙasa ya miƙa wa sashen da zai aiwatar. Sati biyu kenan, jiya ya turo min saƙo wajen ƙarfe ɗaya na dare cewa ya samu ta haɗu ba kuskure, saura ya gane me ya haɗa.