Sanƙarau a Damagaram: Aikin Yana Farawa Daga Takardar Litinin

Duk shekara idan hunturu ya kankama, ƙura ta rufe Damagaram, tambaya ɗaya ake yi a majalisu: yaushe allurar sanƙarau za ta zo? Mai wannan tambaya ya makara. Ma'ajiyar allurar gaggawa ta duniya, wadda ICG, kwamitin haɗin gwiwar ƙungiyoyin lafiya na duniya, ke riƙe da ita tun 1997, takarda take jira, kuma takardar tana farawa ne daga hannun majo, shugaban likitar ƙauye. Idan ta tashi daga can da gyara, ko ta kwana biyu a aljihu, duk abin da zai biyo baya sai ya makara.

Ga yadda abin yake tafiya. Kowane CSI, wato cibiyar lafiya ta yanki, yana da jerin cututtukan da dole ya sanar da su mako-mako, waɗanda ma'aikata ke kira MDO. Mako ya ƙare ran Lahadi, ran Litinin majo ya duba rajista, ya ƙirga, ya aika wa mai kula da sa ido a gunduma. Daga gunduma zuwa hukumar lafiya ta jiha a Zinder, daga nan zuwa Yamai. Ko ba a ga kowa ba, sai a rubuta sifiri a aika, domin likitar da ta yi shiru ba a san ko lafiya lau ce ko rezo ne ya ɗauke ba. Wanda ake ƙirgawa kuma ba sai labo ya tabbatar ba: zazzaɓi na farat ɗaya da ya kai digiri 38 a hammata tare da sandarewar wuya ya isa, a jariri kuwa kumburin maɗiga.

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ja layi biyu. A yanki mai mutum 30,000 zuwa 100,000, idan aka samu uku cikin kowane 100,000 a mako guda, an shiga faɗakarwa. Idan suka kai goma, annoba ce. A inda mutane ba su kai 30,000 ba, mutum biyu a mako faɗakarwa ne, biyar annoba. Nan ne lissafi ke yaudarar mutane. Gundumominmu na kudu, Magarya da Dungas da Matamai da Mirya, kowacce tana da mutane dubu ɗaruruwa. A ɗauki misalin gunduma mai mutum 400,000: sai ta tara marasa lafiya 40 a mako kafin a ce ta ƙetare layi. To idan 15 ne aka samu, amma dukansu daga yankin CSI guda mai mutum 35,000? A takardar gunduma abin bai kai huɗu cikin 100,000 ba, a wancan yankin kuwa ya haura 40. Shi ya sa ƙa'ida ta ce a yanka babbar gunduma gida-gida, kada yanki ya wuce mutum 100,000, a yi wa kowanne lissafinsa da zanensa. Gundumar da ba ta yin haka, wuta na cin ɗaki guda tana auna zafin gida gaba ɗaya.

Ƙirga kaɗai ba ya kawo allura, sai an san wace ƙwaya ce. Allurar MenAfriVac da aka fara a Nijar a 2010 ta karya nau'in A na ƙwayar sanƙarau, amma ba ta taɓa nau'in C ba, kuma C ɗin ne ya kama mutum kusan 8,500 a ƙasar nan a 2015, ya kashe fiye da 500. Tsakanin 1 ga Nuwamban 2022 da 27 ga Janairun 2023 OMS ta ƙirga mutum 559 a jihar Zinder, 18 suka rasu, Dungas kaɗai ta ba da 342. Cikin 111 da labo ya tabbatar, 104 nau'in C ne. Wannan sakamako shi ya faɗi wace allura za a nema, kuma kowane ɗaya daga cikin gwaje-gwajen ya fara ne da wani ma'aikaci da ya ɗibi ruwan ƙashin bayan maras lafiya.

A wurin ɗibar ruwan nan ne aiki ya fi lalacewa. Ƙwayar sanƙarau ba ta da ƙwari a wajen jiki. Sanyi na kashe ta, jinkiri ma haka. Idan ruwan ba zai isa labo cikin awa guda ba, sai a zuba mililita ɗaya a kwalbar Trans-Isolate, mai ɗauke da sinadarin da ke raya ƙwayar a hanya. Kwalbar tana zama a firigo kafin a yi amfani da ita, a fito da ita ta huce kafin a zuba, amma da zarar ruwa ya shiga, ba ta sake ganin firigo. Ma'aikaci mai kyakkyawar niyya da ya jefa ta cikin akwatin ƙanƙara tare da alluran yara ya kashe abin da ake nema. Idan za ta wuce awa 24 kafin ta tashi, a soka mata allura mai toshiyar auduga don iska ta shiga, a cire kafin tafiya. Ƙaramin bututun da ake aika ruwa a ciki don PCR, gwajin da ke gano ƙwayar ko da ta mutu, shi ne mai son sanyi. Sai lambar maras lafiya: dole ta zama ɗaya a kwalba da takarda, in ba haka ba CERMES, babbar cibiyar gwaji da ke Yamai, kusan kilomita 900 daga nan, za ta sami ƙwaya ba ta san ta wane gari ba ce.

Iyaye da yawa na ƙin a taɓa bayan yaro, wai zai shanye. Shanyewa da kurumta da ake gani daga cutar suke, kuma wannan bayani ya fi shiga idan ya fito daga bakin liman ko mai gari tun kafin ciwo ya zo. Su kuma masu tallan magani a tire suna da nasu kason: kafso biyu da aka haɗiya a gida ba su warkar da yaro, sai dai su ɓata gwajin. Ba a jinkirta magani don jiran gwaji, a ɗibi ruwa a sa maganin ceftriaxone nan take, kwana biyar a lokacin annoba.

Lokacin kuwa a ƙirge yake. Ana son a yi allurar gayya cikin mako huɗu da ƙetare layin annoba, jiki kuma na buƙatar kamar kwana goma kafin kariya ta kama. Rahoton da ya yi jinkirin mako biyu ya cinye rabin wa'adin tun ba a rubuta wa ICG ba. Sabuwar allurar Men5CV mai kare nau'i biyar, A, C, W, Y da X, wadda OMS ta amince da ita a 2023 aka kuma yi amfani da ita a Nijar a 2024, babban ci gaba ce, sai dai ba ta kare sanƙarau na nimokok, wata ƙwaya ta daban, don haka ɗibar ruwa na nan daram.

Iyaka ma abin dubawa ce. Mutumin Dungas yana cin kasuwar Maigatari, na Matamai yana ƙetarawa Daura ta Ɗan Barto kamar ya shiga unguwa. Mai sa ido a Magarya ya kamata ya riƙe lambar takwaransa na Jigawa su riƙa musayar adadi duk mako, ba sai labari ya je Yamai ya zaga Abuja ba.

Abin da ya kamata hukumomin gundumomi da masu tallafi su saya kafin Disamba ba mai tsada ba ne: alluran ɗibar ruwa, kwalaben Trans-Isolate da ba su wuce wa'adi ba, esansin moto, kiredin waya, da horo ga sabon ma'aikacin da aka turo bana, tunda wanda aka horar bara sau da yawa an yi masa canjin wuri. Sannan a riƙa mayar wa majo da sakamakon abin da ya aiko. Wanda ya aika kwalba sau uku bai ji komai ba, a karo na huɗu ba zai wahalar da kansa da rarrashin iyaye ba.