Rashin inshora a Amurka ba ya hana mace gwajin cutar kansa

Yan uwana mata da ke zaune Amurka, kullum ina jin ana cewa wai in ba ki da inshorar lafiya to ki manta da gwajin kansa sai kin tara dala. Wallahi ba haka bane, kuma maganar nan na damuna sosai.

Tun 1990 majalisar dokokin ƙasar ta kafa shirin da hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ke ɗaukar nauyinsa a duk jihohi, mace mai ƙaramin ƙarfi marar inshora ana mata gwajin bakin mahaifa daga shekara 21 zuwa 64, hoton mama kuma daga 40 zuwa 64, kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan, abin da suke dubawa shine kuɗin shigar gidanku. A New York sunansa Cancer Services Program.

Hoton maman nan na'ura ce ke ɗan matse maman tsakanin faranti biyu na 'yan daƙiƙu, akwai ɗan zafi amma nan take ya wuce. In kuma aka ga wani abu, wata doka ta shekarar 2000 ta buɗe wa da yawa hanyar magani ta Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati don masu ƙaramin ƙarfi.

Don Allah kira sashen lafiya na jiharku ki tambaya, kar ki jira sai kin ji ƙullutu.