Bege daban, fara'a daban

Akwai wata koyarwa da ta yaɗu a majami'unmu a 'yan shekarun nan, wadda nake ganin tana raunata mutane fiye da yadda take gina su. Ana cewa mai bi na gaskiya ba ya furta abu mara daɗi, kuma duk wanda ya ce al'amura sun lalace, to bangaskiyarsa ce ta yi sanyi. Da wannan ma'auni, mai yawan fara'a shi ne na kusa da Allah, mai zurfin ciki kuwa sai a riƙa yi masa kallon wanda ke buƙatar addu'a ta musamman. Ni dai ban yarda ba, domin fara'a hali ce da ake haihuwar mutum da ita, bege kuwa abu ne da ake gani a aikin hannunsa.

Ina da kawu, tsohon malamin firamare kuma dattijon ikkilisiya, wanda bai taɓa sauraron labaran rediyo ya tashi da murmushi ba. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Ɗana, ƙasar nan ba mai gyara ta a zamaninmu." Amma wannan mutumin, da ya haura shekara 70, duk damina sai ya dasa mangwaro a bayan gida, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki, in rani ya yi kuma ya riƙa ɗauko ruwa a jarka yana ba shi. Na taɓa tambayarsa, "Kawu, wa zai sha wannan mangwaro?" Ya dube ni kamar na yi tambayar yara, ya ce akwai waɗanda ba a haifa ba tukuna, su ma da bakinsu za su zo.

Shi ya sa nake yawan komawa sura ta 32 ta littafin Irmiya. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, annabin yana tsare a farfajiyar matsara saboda ya faɗa wa sarki Zedekiya cewa birnin zai faɗi, maganar da a yau za a kira ta mugun baki. Ana cikin haka ɗan kawunsa Hanamel ya zo yana tallar gona a Anatot, Irmiya ya auna masa shekel 17 na azurfa, ya sa hannu a gaban shaidu, ya ba magatakardansa Baruk takardun ya ce a adana su cikin tulu don su daɗe. Abin da masu wa'azi kan tsallake shi ne, bayan an gama cinikin, Irmiya ya koma wurin Allah yana nuna masa mahaurai da abokan gaba suka gina a jikin garu, kamar mai cewa ban gane abin da ka sa ni yi ba. Bai ga haske ba, bai kuma yi kamar ya gani ba, amma ya biya kuɗin.

Mu a arewa ba sai an kai mu Babila ba. A watan Janairun 2020 aka sace Rabaran Lawan Andimi na Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN), shugaban Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya (CAN) na Michika a jihar Adamawa. A bidiyon da waɗanda suka sace shi suka fitar, bai yi alkawarin cewa zai dawo ba. Ya ce bai karaya ba domin kome yana hannun Allah, in kuma bai sake ganin iyalinsa ba, watakila nufin Allah ke nan. Aka kashe shi a watan. Wa zai iya cewa rashin furta alheri ne ya jawo masa?

Kada a fahimce ni a karkace, akwai mugun zato da nake tsoro ƙwarai, kuma ba irin na kawuna ba ne. Shi ne na mutumin da ke cewa kowa ɓarawo ne domin ya samu hujjar sa nasa hannun, ko ya ce ba abin da zai canja domin kada a tambaye shi gudummawa. Irin wannan yakan zauna a layin gaba ranar Lahadi, muryarsa ta fi ta kowa a waƙa, kuma in aka zo maganar kuɗin makarantar marayu shi ne farkon duba agogo.