Kafin ka tura, ka san me bincike ya gano game da mu

'Yan'uwana matasa, akwai masana a jami'o'in duniya da aikinsu shi ne nazarin abin da muke yi da wayoyinmu. Ya kamata mu ji abin da suka gano, ko da ba zai yi mana daɗi ba.

A da, binciken sadarwa ya fi karkata ga jarida da rediyo da talabijin, ana tambayar me suke cusa wa jama'a. Yanzu idon masana ya dawo kanmu, mu masu rubutawa da turawa, da kuma tsarin lissafin da ke zaɓar abin da zai fara bayyana a allonka.

A 2018 masu bincike uku a jami'ar MIT ta Amurka suka bi sawun labarai kusan 126,000 da suka yaɗu a Twitter tsakanin 2006 da 2017. Suka tarar labarin ƙarya ya fi na gaskiya yiwuwar a sake tura shi da kashi 70 cikin 100, kuma gaskiya kan ɗauki lokaci kusan ninki shida kafin ta isa ga mutum 1,500. Abin da ya fi damuna shi ne, da suka cire asusun da na'ura ke sarrafawa, sakamakon bai canja ba. Mutane ne ke yi. Ƙarya tana zuwa da sabon abu mai tayar da hankali, kowa kuma yana son a ce daga wurinsa aka fara ji.

Mun saba ɗora wa kamfanonin kafofin sada zumunta laifin komai, kuma suna da nasu. Facebook ya taɓa sauya abin da mutum 689,003 ke gani na mako guda a 2012, ba tare da sun sani ba, don gwada tasirinsa a zukatansu. Amma lokacin zaɓen Amurka na 2020, an cire wa wasu masu amfani da Facebook da Instagram tsarin lissafin da ke zaɓar musu saƙonni na wata uku, aka jera musu saƙonni bisa lokacin shigowarsu, kuma rarrabuwar kawunansu ta siyasa ba ta wani ragu ba.

Wani nazari da ya fito a mujallar Nature a 2021 ya nuna da yawa daga masu tura ƙarya suna iya bambance ta da gaskiya, hankalinsu ne ba ya wurin. Da aka tambaye su ko wani kanun labari guda gaskiya ne, abin da suka tura daga baya ya ƙara inganci.

To, don Allah ka riƙa yi wa kanka wannan tambayar, musamman a WhatsApp. Saƙonninsa a kulle suke, masu bincike ba sa iya ganinsu balle su gyara, shi ya sa a 2019 kamfanin ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda. Idan saƙo ya zo ba sunan mai magana, ba kwanan wata, ga kuma "a yaɗa da gaggawa" a ƙarshe, ka bar shi a wayarka har sai ka gan shi a wata kafa da ka amince da ita.